Tsohuwar kaza ta taya ni koyar da darasin dainaso

Da na raba wa ɗalibaina hotunan dabbobin da aka tono ƙasusuwansu a Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta jihar Agadas, na ce su ware mini dainaso a ciki, wato wani dangin dabbobin zamanin da can, babu wanda bai fara da Sarcosuchus ba. Ba laifinsu ba ne. Dabbar da ƙoƙon kanta kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi, ai dole ta ja ido. Amma shi dangin kada ne. Haka ma masu fukafukan fata da ake kira pterosaur, su ma ba sa ciki.

Masana ba girma suke kallo ba, ƙugu suke dubawa. Na faɗa na maimaita a allo, abin bai shiga ba, sai na nufi kasuwa.

Tsohuwar kazar Hausa na saya, don masana sun ce tsuntsaye daga dainaso suka fito. Kajin gidan gona ba sa yi, don ana yanka su tun ƙashinsu bai ƙosa ba, da sun sha wuta sai guringuntsi ya narke, ƙugun ya warwatse. Na roƙi mai fiɗa ya cire kayan ciki kawai, kada ya daddatsa. Na dafa ta a ƙaramar wuta har nama ya saki, na zazzare shi da yatsa, na goge ƙasusuwan da tsohon buroshin haƙori, na shanya a inda kyanwa ba za ta kai ba. Wajen mahauci kuma na karɓo ƙashin ƙugun rago.

Abin da nake nema ɗan ƙarami ne: gurbin da kan ƙashin cinya yake shiga. Na rago rufaffe ne. Na kaza kuwa, idan aka kankare tantanin da ke ciki, rami ne da ya ɓulle ta ɗaya gefen. Na miƙa wa wata yarinya tsinken tsintsiya, ta zura, ya fita ta baya, ajin ya kaure da hayaniya. Wannan ɓullallen gurbi yana cikin manyan alamun dainaso, tare da ƙafafun da suke tsaye kyam a ƙarƙashin jiki, ba a baje gefe-gefe irin na ƙadangare ba.

Daga nan rabon ya zo da sauƙi. Tun 1887 wani Bature ɗan Ingila, Harry Seeley, ya kasa dainaso gida biyu bisa inda ƙashin mara ya fuskanta. Idan ya nufi gaba, Saurischia ne. Idan ya koma baya, Ornithischia. Muka sa Ouranosaurus, mai dogayen ƙayoyi a gadon baya, a gida na biyu. Bafaranshe Philippe Taquet ne ya raɗa masa suna a 1976, kuma ƙasusuwansa suna gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Suchomimus mai kamun kifi ya shiga gida na farko, shi da Nigersaurus mai cin ganye, wanda masani Paul Sereno ya bayyana a 1999, mai faffaɗan baki da haƙora sama da 500. Yara sun yi gardama a nan: ta yaya mai cin ganye da mai cin nama za su zauna gida ɗaya? Na ce su koma ga ƙugu.

Sai wani yaro ya ɗaga ƙashin kazar ya ce, "Malam, nata ai baya ya kalla, ke nan 'yar gidan Ouranosaurus ce." Ido ya gaya masa gaskiya, amma masana sun ce tsuntsaye daga ɓangaren masu cin nama na Saurischia suka fito, juyawar ƙashin daga baya ta zo. Na nuna masa ɗan ƙashin ƙirji mai baki biyu, wanda su Suchomimus ma suke da shi, da yatsu uku masu fuskantar gaba.

Ni dai ban ɓoye musu cewa rabon Seeley ma ana jayayya a kansa ba. A 2017 wasu masana uku a Ingila sun kawo tsarin da ya haɗa masu cin nama da Ornithischia wuri guda, kuma har yau ba a daidaita ba. Badi ina son ƙara ƙashin talo-talo, don gurbinsa ya fi girma, na bayan aji ma za su hango.