Ƙafar da ta ƙi zama wuri ɗaya

Aikin jinya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa ya koya min in dubi ƙafafun mara lafiya tun yana kan benci, kafin ma in tambaye shi ya jiki.

Magungunan ciwon damuwa irin su fluoxetine da sertraline da amitriptyline sun ceci rayuka da dama, kuma ba na so kowa ya guje su. Sai dai a jikin wasu suna taɓa motsi. Wani hannunsa ke rawa in ya ɗauki kofin shayi, wani ya kwana yana cizon haƙora har ya tashi da ciwon muƙamuƙi. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne wanda likitoci ke kira akathisia, wato mutum ya kasa zama wuri ɗaya. Yakan zo a makonnin farko ko bayan an ƙara ƙarfin magani, kuma masana na ganin ƙaruwar sinadarin serotonin ce ke danne aikin sinadarin dopamine a ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi.

Wata baiwar Allah da aka kawo mana ba ta daɗe da fara magani ba. Ta zauna, ta miƙe, ta zaga, ta dawo. Ko a tsaye take, sai ta ɗaga wannan ƙafa ta sauke waccan. Maigidanta ya ce, "Sista, ciwon ne ya tashi, a ƙara mata magani." Surukarta na cewa iska ce. Ita kuwa da na ja ta gefe, cewa ta yi, "Wallahi ba tunani ba ne yanzu, jikina ne ya hana ni sakat." Likita ya rage maganin, ya haɗa mata da wani magani, propranolol, abin ya lafa.

Haɗarin shi ne abin yana kama da fargaba, sai a ƙara maganin da ya jawo shi. Azabarsa kuma ba ƙarama ba ce, har takan kai wasu ga tunanin kashe kansu, shi ya sa ba na jin nauyin tambayar mara lafiya kai tsaye ko yana irin wannan tunanin.

Ina kuma tambayar abin da aka saya a kemis. Metoclopramide na amai shi kansa yana jawo irin wannan, tramadol kuwa haɗa shi da magungunan damuwa na iya kawo zazzaɓi da fizgar jiki da ruɗewa. Duk wanda muka sallama, ina roƙonsa kada ya yanke magani da kansa. In ya ga sabon motsi a jikinsa ya dawo a ranar, kada ya jira ranar da aka rubuta masa a kati.