Wasiƙa daga Tennessee: Wasa biyar cikin kwana shida a 1899

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu karatu a gida. Muna gaishe ku daga jihar Tennessee ta Amurka.

Ƙwallon da za mu yi magana a kanta ba irin wadda kuke bugawa a filin unguwa ba ce. Ta Amurka ce, mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a ruga da ita har a tsallake layin abokan karawa. Akwai wata ƙaramar jami'a a kan tsauni a garin Sewanee da har gobe ake ba da labarin kakar wasanta ta 1899. Ɗalibanta duka ba su kai ɗari huɗu ba, amma ta buga wasa 12 ta cinye duka, ta ci maki 322, aka ci ta 10.

Kuɗi ne ya jawo komai. Wasansu da jami'ar Vanderbilt, wanda ya fi kawo musu kuɗin ƙofa, ya wargaje a shekarar saboda saɓani kan rabon kuɗin. Sai manajan ƙungiyar, wani ɗalibi mai suna Luke Lea wanda daga baya ya zama sanata, ya haɗa tafiyar jirgin ƙasa ta kusan mil 2,500 don cike giɓin. Ranar Alhamis 9 ga Nuwamba suka doke jami'ar Texas 12 da nema a Austin, washegari Texas A&M 10 da nema a Houston, Asabar Tulane 23 da nema a New Orleans. Lahadi aka huta, makarantar coci ce. Litinin suka lallasa jami'ar jihar Louisiana (LSU) 34 da nema a Baton Rouge, Talata jami'ar Mississippi (Ole Miss) 12 da nema a Memphis. Maki 91 ke nan, ba wanda ya ci su ko ɗaya.

Sai an san dokokin lokacin za a gane nauyin abin. Ba a jefa ƙwallo gaba, sai 1906 aka halatta hakan. Damar kai hari uku ake ba ƙungiya ta ci yadi biyar, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa, don haka yawancin wasan ture-ture ne a tsakiyar fili, ƙirji da ƙirji. Mutum 11 ɗin da suka kai hari su ne za su tsaya tsaro. Wanda kuma aka fitar ba ya dawowa, shi ya sa mai rauni yake ɓoye rauninsa. Kyaftin ɗinsu Henry Seibels ya fashe a goshi a wasan Texas, aka manna masa filasta ya ci gaba. Hular kwano babu ita, wasu dai kan sa ta fata, wasu su bar suma ta yi yawa.

Tanadin tafiyar ma abin dubawa ne. Sun ɗauki gangunan ruwa daga maɓuɓɓugar tsauninsu, domin baƙon ruwa na iya lalata cikin ɗan wasa ya kwantar da rabin ƙungiya. A cikin jirgin suke kwana, masu tausa suna bin su gado-gado da dare suna murza musu jiki, in ba haka ba gaɓoɓi su sanƙare kafin asuba.

Makin 10 da aka ci su duk a wasa ɗaya ne, da jami'ar Auburn ta koci John Heisman, a Montgomery. An tashi 11 da 10. A lissafin zamanin tsallake layi maki biyar ne, bugun da ke biyo baya maki ɗaya, wato tazarar bugu guda ce ta raba su. A ganinmu wannan wasan ya fi na tafiyar jirgin gwada su, don Auburn ta riƙa kai hari da sauri ba ta barin a yi numfashi, kuma duhu ne ya sa aka tsayar da wasan kafin lokaci ya cika.

Naku,
'Yan'uwanku a Tennessee