Kafin ki ɗauki eya firaya, gaya mini yadda wutar gidanku take

Sana'ata sayar da kayan kicin ce, a shagona da ke Mabera cikin garin Sakkwato. Tukwane, kuloli, faranti, injin markaɗe, butar lantarki, duk abin da uwa ke jera wa ɗiyarta. Yawancin cinikina na amare ne, don haka kasuwata takan buɗe gab da azumi da kuma bayan sallah, lokacin da bukukuwa ke cunkushewa. Wasu kayan daga Kano nake ɗauko su, wasu kuma daga kasuwar Alaba ta Legas ake ɗoro mini su a mota.

A 'yan shekarun nan babu abin da ya shigo cikin kayan jere da ƙarfinsa irin eya firaya, tukunyar lantarkin nan mai suya da iska mai zafi. Da can sai matan da suka je Makka ko Dubai ke dawowa da ita. Yanzu kuwa takardar kayan amarya ba ta cika sai da ita. Kamfanin Philips ne ya fara fito da ita a 2010, a wani bajekolin kayan lantarki a Balin ta ƙasar Jamus, daga baya kowane kamfani ya yi tasa. Aikinta ba wani boyayyen abu ba ne. A samanta akwai ƙarfe mai nannaɗe da ke yin ja idan wuta ta shige shi, a bayan ƙarfen akwai fanka. Fankar ce ke hura zafin ƙasa da ƙarfi, ya zagaye abincin da ke cikin kwando ta ko'ina, ya busar da bayansa har ya yi ƙamas. Gashi ne mai sauri, shi ya sa cokali ɗaya na mai ke isar abin da a kasko sai an tsiyaya kwalba.

Ina son wannan tukunya, kuma ina aiki da ita a gidana. Amma ba kowa nake sayar wa ba sai mun yi magana.

Uwa za ta shigo da takardarta a hannu, ta nuna wadda ke can saman kanta, ta ce, "Hajiya, wadda ta hi kowace girma nika so. Ɗiyata ba ta shiga gidan miji da ƙarama." Sai in jawo mata kujera in ce, "Allah shi sanya alheri, Inna. Wace unguwa za a kai amarya? Wuta fa, suna samu? Mai gidan nata yana da janareta ko sola?" Wata ta amsa, wata kuma ranta ya ɗan sosu, ta ga kamar ina auna arzikin surukinta ne. Ba haka nake nufi ba ko kaɗan. Abin da ya sa nake tambaya shi ne, eya firaya tana cikin kayan gida masu shan wuta sosai. Ƙananan sukan kai wat 1,200, matsakaita wat 1,500, manyan kuma su tasam ma 2,000. Ƙaramin janaretan nan da ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai ko wat 1,000 ba ya bayarwa, ba zai ɗauke ta ba. Haka ƙaramar inbata da aka haɗa don fanka da fitila da talabijin, da an kunna tukunyar za ta yi ƙara ta ɗauke. Gidan da ke da babban janareta, ko sola mai ƙarfi da za a yi suya da rana tsaka, su kam ba su da matsala, tunda rana dai ba ta yi mana rowa a Sakkwato.

Akwai kuma wutar da za a kawo amma ba ƙarfi. An ƙera waɗannan tukwane ne don bolt 220 zuwa 240. Idan wuta ta faɗo zuwa 180, zafin da ƙarfen zai bayar wajen kashi 60 cikin 100 ne kawai. Fanka na juyawa, fitila na ci, amma kazar da ya kamata ta nuna cikin minti 25 sai ta shafe kusan awa guda, ta bushe kafin ta yi ja. A nan ne mace za ta dawo mini da tukunya ta ce ba ta da kyau, alhali tukunyar lafiyarta ƙalau. Wadda unguwarsu ke da irin wannan wuta, ina ce mata ta haɗa da sitabilaiza mai ƙarfin da ya zarce na tukunyar sosai, ko kuwa ta haƙura ta sa kuɗinta a murhun gas mai kyau. Na sha barin ciniki ya wuce ni a kan wannan magana, kuma raina bai taɓa ɓaci ba. Abin da ke ɓata mini rai shi ne in je barka gidan amarya bayan shekara, in ga tukunya a saman kabad da ledarta, uwa ta yi adashi wata da watanni kafin ta biya kuɗinta.

Kuɗin wutar kansa bai kai yadda ake tsoro ba. Tukunya mai wat 1,500 idan ta yi rabin awa ba ta cinye yunit ɗaya, iyakarta kashi uku cikin huɗu na yunit, kuma ba ta ma kai hakan domin ƙarfen yana kunnuwa ne yana mutuwa idan zafi ya kai inda aka sa shi. Ko masu layin Band A, wato layin wutar da ya fi tsada, da aka mayar da yunit ɗinsu naira 225 a watan Afrilun 2024, idan suka kwatanta da kuɗin man gyaɗan da za su ƙona a kasko za su ga sun ci riba.

Sai batun girma, kuma a nan ne ha'inci ya yi yawa a kasuwarmu. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabo, sai masu shigo da kaya suka koma neman mai araha, kwali ya yi ta ƙarya. Za ki ga an rubuta lita 8 da manyan baƙaƙe, ki buɗe ki tarar da kwandon da kaza ɗaya ba ta zama a ciki sai an yanka ta. Ni duk sabon samfurin da ya iso, kafin in ɗora shi a kanta sai na zaro tukunyar ƙasan, na ɗauko gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi na riƙa juyewa ina ƙirgawa a gaban yarana na shago. Abin da ruwa ya nuna shi nake faɗa wa mai saye, ba abin da kwali ya ce ba. Amarya da angonta, lita 4 zuwa 5 ta gaskiya ta ishe su har da baƙo. Gida mai yara shida ko bakwai sai dai mai faɗi ko mai kwando biyu. Faɗin gindin kwandon ma ya fi zurfinsa amfani, domin abinci ba a tula shi, shimfiɗa shi ake yi don iska ta ratsa.

Na fi sayar da mai maɓallin murɗawa fiye da mai allon taɓawa, duk da cewa 'yan mata idonsu na kan mai allo. Mai allon tana da ɗan faifan lantarki a ciki wanda hawa da saukar wuta ke ƙonawa, kuma samun madadinsa a garin nan aiki ne. Mai murɗawa kuwa, yaron da ke mini gyara yakan buɗe ta ya canza fiyus ko agogon cikin ɗan lokaci. Abu ɗaya nake jan kunne a kanta: agogonta ba da lantarki yake aiki ba, ko an ɗauke wuta yana ci gaba da tafiya har ya buga ƙararrawa. Kada ki ji ƙararrawa ki ɗauka nama ya nuna. Tsaga cinyar kazar har ƙashi, in da sauran ja ko ruwan jini, ki mayar.

Masu sayen na hannu, 'yan Beljiyam, su duba takardar da ke manne a gindin tukunyar. In an rubuta bolt 120, ta Amurka ce, da an jona ta a wutarmu ta tashi aiki. Filogi kuma mai baki uku irin namu ya fi, a jona shi kai tsaye a soket ɗin bango. Mafi yawan tukwanen da ake kawo mana gyara ba cikinsu ne ya lalace ba. Filogi ne ya narke a jikin siririyar wayar ƙari ta araha, wadda aka haɗa mata firji da butar shayi a lokaci guda. Wannan ba asarar tukunya kaɗai ba ce, hanyar gobara ce, Allah ya tsare.

To me take yi, me kuma ba ta yi? A nan nakan daɗe da mai saye, don abincinmu ba irin na hoton kwali ba ne. Awara tana yin kyau ƙwarai: a yanka, a tsane ruwanta, a shafa mai kaɗan da gishiri, digiri 190 kamar minti 15, a girgiza kwando a tsakiya. Tana fitowa da ɓawo a waje, laushi a ciki, ba ta sha mai ta yi nauyi ba. Kaza, zabo, dankalin turawa, dankalin Hausa, samosar buɗa baki, duk tana yi. Doya sai an ɗan tafasa ta tukuna, in ba haka ba ta bushe ta yi tauri. Tarwaɗar da aka sayo ɗanya daga Kwalkwalawa, a wanke, a tsattsaga, a cusa mata tafarnuwa da citta da attarugu, a shafa wa kwando mai don kada fatar ta kama, wannan kam ko mai gida mai tsananin son suyar kasko ba ya kushe ta. Gyaɗa ma tana soyuwa ba tare da yashi ba, a sassauta zafi zuwa 160 a riƙa girgizawa. Tsire yana yi, sai dai babu ƙamshin hayaƙin itace, kuma ba na yi wa kowa alkawarinsa.

Ƙosai ba ta yi. Fanke ba ta yi. Duk ƙullin da ke da ruwa, mai buƙatar faɗawa cikin tafasasshen mai ya kumbura, zuba zai yi ta ramukan kwando. Masa kuma tandarta take so. Naman layya ma, kowace shekara sai an tambaye ni. Suyar sallah da muke yi don nama ya yi watanni, man da ya ratsa shi da daɗewarsa a wuta ne ke adana shi, kuma rago guda ba aikin kwandon lita 5 ba ne. A bar wa babban kasko aikinsa. Bayan sallah, in an ɗebo soyayyen naman ana son a ɗumama shi ya dawo kamar yanzu aka kwashe, minti huɗu ko biyar a eya firaya sun wadatar.

Kafin tukunya ta bar shagona sai an kunna ta a gaban mai ita. Ina saka yankan burodi guda biyu, ɗaya a tsakiya ɗaya a gefe, mu jira 'yan mintoci, mu duba ko sun yi ja daidai. Muna jira ina yi mata bayanin wanki. Baƙin shafin da ke hana kamu shi ne ran kwandon, soson ƙarfe da cokalin ƙarfe su ke kashe shi, kuma in ya fara ɓarewa yana bin abinci. A bari ya huce, a jiƙa da ruwan ɗumi da sabulu, a goge da soso mai laushi. In nama mai kitse ne, a zuba ruwa kaɗan a tukunyar ƙasa don kitsen da ke ɗiga kada ya yi hayaƙi. Kada a shimfiɗa takarda a kunna babu abinci a kanta, fanka za ta ɗaga ta ta manna wa jan ƙarfen. Kada a matse bayanta da bango ko labule, ta nan take fitar da zafi, balle a watan Afrilu da kicin ɗinmu ke wuce digiri 40 tun ba a kunna komai ba. Lokacin hunturu kuma a rufe ta da ƙyalle idan ta huce, domin ƙura na haɗuwa da maiƙo a jikin fanka ta zama danƙo.

Abin da nake fama da shi yanzu shi ne kwandon canji. Tukunya za ta yi shekaru injinta na aiki, kwando ya ƙare, a rasa irinsa, a jefar da ita gaba ɗaya. Shi ya sa na rage yawan samfuran da nake ɗaukowa zuwa kaɗan waɗanda dilolina suka yarda su riƙa haɗo mini da kwandunansu daban. Kayan azumin bana ma na gaya musu, duk katan ɗin da zai taso daga Legas babu kwandon canji a ciki, kada su ɗora shi a mota da sunana.