Gwiwar Inna da awon jininta

Ranar da na fara shiga gidaje a unguwar Bagalam ta Maradi da takardar tambayoyi a hannu, na tambayi wata tsohuwa ko tana jin zafi in tana hawan matakalar bene. Ta dube ni, ta dubi ɗakinta na ƙasa, ta ce, "Ɗiyata, wane benen?"

Binciken ƙarshen karatuna ne, a kan ciwon gwiwa da hawan jini a tsakanin tsofaffin Maradi. Takardar da muka ɗauko sunanta WOMAC, a Kanada aka tsara ta a 1982, tambayoyi 24 ne a kan zafi, da sagewar gaɓa, da wahalar aikin yau da kullum. Ma'auni ne mai kyau, duniya na amfani da shi. Sai dai yana tambayar sa safa, da shiga mota, da fita daga bahon wanka. Ban cire ko ɗaya ba, don a iya gwada sakamakonmu da na wasu ƙasashe, amma da izinin malamina na ƙara nawa a ƙasa: sujada, zaman tahiya, tsuguno a bayan gida, tashi daga tabarma. Wadda ta fi kowace buɗe mini bakin tsofaffin ita ce, "Inna, tun yaushe kuka koma salla a zaune?" Tsohuwar da ba ta san shekarunta ba za ta ce maka tun azumin bara waccan, kuma ba za ta yi kuskure ba, don abin ya taɓa mata zuciya.

Abin da suke kira sanyin ƙashi, mafi yawansa zaizayewar guringuntsi ne, wannan santsin da ke rufe bakin ƙashi a gaɓa. Yana siranta, gefen ƙashin ya tsiro da ƙaho, gwiwa ta riƙa ƙara in an lanƙwasa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 528 ke fama da shi a 2019, miliyan 365 daga ciki a gwiwa, kuma mata ne kusan kashi 60 cikin ɗari. Hoton ƙashi kuwa ana auna shi da matakan da Kellgren da Lawrence suka shimfiɗa a 1957, daga 0 zuwa 4, na 4 ne mafi muni. Na ga hoton da ya kai mataki na 4 mai shi yana zuwa gona a Jiratawa, na ga na mataki na 2 mai shi ba ta iya kai kanta bakin randa. Daga nan na daina yarda da hoto shi kaɗai.

Kuskurena mafi girma a awon jini na yi shi. Makon farko ina isa gida sai in ɗaura abin awo, ko gaisuwa ba a gama ba, wani lokaci a kan hannun riga, tsoho kuma da goro a baki. Lambobin suka yi ta hauhawa. Ƙa'ida ita ce mutum ya zauna minti biyar da bayansa a jingine, hannu tsirara daidai da ƙirji, ba goro ba shayi rabin awa kafin nan, kuma ba a ce yana da hawan jini sai an samu 14 bisa 9, wato 140 bisa 90, ko sama a ranaku biyu daban. Duk gidajen makon nan sai da na sake komawa. Inda babu kujera, turmi nake kifewa a jikin bango. Minti biyar ɗin jiran kuma ashe su ne zuciyar aikin, don a cikinsu ake fito mini da abin da ba ya cikin takarda.

A irin wannan zama ne wata Hajiya a unguwar Mokoyo ta aiki jikarta ta ɗauko gwangwanin da take ajiye magani. Diklofenak ne da ibuprofen, na masu talla a tire, ba kwali ba takarda. Biyu da safe, biyu da dare, shekaru. Ta ce in ba ta sha ba ko buta ba ta iya ɗauka. Awonta 18 bisa 10, kuma ba a taɓa auna ta ba. Ta ce, "Ai ni kaina ba ya ciwo."

A nan cututtukan biyu suka haɗu mini a jikin mutum ɗaya. Waɗannan magunguna suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, jini ya ƙara hawa, suna kuma cin ciki. A 2013 hukumar magunguna ta Turai ta hana ba da diklofenak ga wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Gwiwa kuma ta hana tafiya, jiki ya yi nauyi, nauyin ya koma kan gwiwar. Hawan jinin yana can shiru yana taurara ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Wani lokaci jijiya ta toshe ko ta fashe rana ɗaya. Wani lokaci ɓarnar a hankali take: mantuwa, jan ƙafa, kasa riƙe fitsari, mu kuma mu ce tsufa ne kawai. Wannan kalma tana ɓata mini rai yanzu.

Ba sai mun je nesa neman hujja ba. Binciken SIREN a kan shanyewar ɓarin jiki, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a Najeriya da Gana, har da asibitocin Kano da Zariya, ya fito a 2018 da majinyata 2,118. Kusan kashi ɗaya cikin uku jijiya ce ta fashe musu, kuma a cikin abubuwan da ke jawo ciwon, hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba. Ya nuna barbaɗa gishiri a kan abinci yana ƙara haɗari, cin ganye kullum yana rage shi. Mu da zogale da rama ke cike da kasuwa! Gishirin da aka yarje wa babba a yini bai kai giram 5 ba, ƙasa da ƙaramin cokali, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

Hajiyar Mokoyo ban ƙwace mata gwangwani ba, hakan ba hurumina ba ne, kuma wanda bai kwana da ciwon ba bai san zafinsa ba. Na rubuta mata takarda zuwa likita, na zauna da babban ɗanta na yi masa bayani: in baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a nufi asibiti nan take, kada a tsaya shafe-shafe, kada a ɗura mata komai a baki. Na nuna mata yadda za ta miƙe ƙafa tana zaune, ta riƙe, ta sauke, don naman cinya ya ɗauke wa gwiwa kaya.

Da na koma bayan wata biyu, an sa ta a maganin hawan jini, an sauya mata na gwiwar. Ta zauna a kan turmi, ta tofar da goronta da kanta, ta naɗe hannun riga. Muka jira minti biyar ɗinmu. Awon ya nuna 14 bisa 8. Salla dai har yanzu a zaune take yi, ta kuma tambaye ni ko kafin azumi goshinta zai taɓa ƙasa.