Alhamdulillah, mun dawo gida da Ummi

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki. Alhamdulillah, Alhamdulillah, Alhamdulillah. Yau kwananmu huɗu a Kano sai yanzu na iya zama in rubuta wannan, dan tun da muka sauka filin jirgin Malam Aminu Kano ban yi barcin awa uku a jere ba, ba wai wani abu ne ya faru ba, jikina ne kawai bai yarda an gama ba, ko juyi tayi a gado sai in zabura in kai hannu goshinta. Waɗanda suka kira ban ɗaga ba da masu saƙon WhatsApp da har yau ban buɗe ba, dan girman Allah ku yafe min. Yau kwana 109 da yi wa ƴata Ummi dashen ɓargo a Indiya, tana ci tana sha, gashi ya fara tsirowa laushi kamar na jariri, kuma tun ranar da aka saka mata ɓargon ƙaninta sikilar bata tashi ba ko sau ɗaya.

Ba zan maimaita labarin ba, tare muka sha shi da ku tun daga neman biza har zuwa ranar da aka sallame mu. Dare ɗaya nake so in faɗa muku, wanda ko Babansu sai a cikin jirgi tsakanin Delhi da Addis Ababa na iya ba shi labarinsa.

Dare na 9 ne bayan dashen. Wanda bai sani ba, kafin a saka sabon ɓargo sai an kwashe kwanaki ana ba yaro kemo a kashe nasa na asali, to tsakanin mutuwar tsohon da kamawar sabon akwai sati biyu zuwa uku da jiki ba shi da garkuwa ko ta sisin kwabo, fararen ƙwayoyin jinin sun faɗi ƙasa warwas, ƙwayar cutar da ni da ke za mu shaƙa mu yi atishawa ta wuce ita ce za ta kwantar da shi. Bakin Ummi duk ya zama gyambo har maƙogwaro, ko yawu bata iya haɗiyewa. Wajen ƙarfe 2 na dare jikinta ya ɗau rawar ɗari, zazzaɓi ya haura 39, kafin kace me bugun jininta ya sauka, sai kawai naga nas-nas sun cika ɗakin suna magana da sauri da yaren da bana ji, aka tura gadonta zuwa wani bene, ɗakin masu tsananin ciwo, aka rufe ƙofa ni ina waje. Babansu yana masauki da Auta dan mutum ɗaya ake bari ya kwana da mara lafiya, na ɗauko waya in kira shi ashe ta mutu, caja tana ɗakinmu na ƙasa, ni kuma wallahi ko da bindiga ba a isa a matsar da ni daga bakin ƙofar nan ba.

Shekara 12 ina jinyar yarinyar nan, na kwana a Hasiya Bayero, na kwana a Murtala, na kwana a emajansin asibitin Malam ba adadi, amma ban taɓa jin abin da naji a daren ba, dan a da ciwo ne ya zo mata daga Allah, wannan karon kuwa ni na sa hannu a takarda aka yi mata. Abin da ke ta yi min yawo a kai kenan, ni na kawo ta, ni na sa hannu.

Da alwalata, sai na shimfiɗa mayafina a ƙasa zan tada sallah. Ban kai ga kabbara ba naji an dafa kafaɗata, wata dattijuwa ce siririya mai goge ƙasa, ta jingine sandar gugarta a bango, ta kama ni da hannu biyu ta juya ni a hankali tace kibla. Mu da muka tashi muka san gabas ita ce alƙibla, a can yamma ake kallo, na sani sarai dan na fi wata guda ina sallah a garin, amma a daren nan ko dama da hagu ban bambance ba. Da na idar na tarar bata tafi ba, ta zauna a ƙasa kusa da ni da ɗan kofin takarda, shayinsu mai madara da citta, ta tura min. Bata jin Hausa bata jin Turanci, ni bana jin nata, kalma huɗu kawai muka haɗu a kai, Allah, du'a, shifa, sai sabar, wato haƙuri, da take ta maimaitawa tana shafa bayana. Can ta ɗaga yatsu huɗu ta nuna ƙirjinta, ta lanƙwashe ɗaya, ta nuna sama. A nan kukan da nake riƙewa tun Kano ya ƙwace min, na kifa kai a cinyar matar da bansan sunanta ba na yi mai isata. Ita ta karɓi wayata ta kai teburin nas aka sa mata caji.

Da wayar ta tashi na kira Babansu, sannan na kira maƙwabciyata Maman ƴan biyu, lokacin a Kano sha ɗaya saura dan awa huɗu da rabi ne tsakani. Ban iya ce mata komai ba, tace kar ki yi magana, ta ɗauko Alƙur'ani ta dinga karanta min a kunne har aka kira asuba a Delhi. Gari na wayewa likita ya fito yace bugun jinin ya daidaita, maganin ya fara aiki. Kwana 17 da dashe fararen ƙwayoyin jinin da muke jira suka haura 500, aka jira kwana uku a jere suna nan basu sauka ba, sannan aka ce mana ɓargo ya kama.

Na nemi dattijuwar nan har na gaji, na hau benen ya fi sau biyar da atamfa a leda zan ba ta, ban sake ganinta ba. Ya Allah kai ka san ta ka san sunanta. Ka jiƙan ɗan da ta rasa, ka raya mata ukun da suka rage, ka shayar da ita daga Alkausara kamar yadda ta shayar da ni, duk wanda ya karanta wannan dan Allah ya ce amin.

Na san ba a son a ambaci mutum a irin wannan, kar a rage masa lada, kuma na san za su ji haushina, amma ku yi haƙuri zuciyata ba za ta iya shiru ba. Maman ƴan biyu, wata huɗu da ɗoriya kina riƙe min yara biyu haɗe da naki, kitsonsu, makarantarsu, Islamiyyarsu, ko sau ɗaya baki kira kin ce wani abu ya ƙare ba, kuma na dawo na tarar kin naɗe kafet kin wanke ɗakin Ummi har bango kamar yadda likita ya ce. Yaya Babba, filinka na Rijiyar Zaki da kace na auren ƴaƴanka mata ne ka sayar ko shawara baka yi da kowa ba. Gwaggo ta cire awarwaronta na gwal da ta riƙe tun aikin Hajjinta ta ƙulle a bakin zani ta aiko. Ƴan layin Babansu a Kantin Kwari da suka yi karo-karo har sau uku suka kuma riƙe masa shago. Mai adaidaita sahun layinmu da shekara da shekaru in ciwo ya tashi ƙarfe 3 na dare kira ɗaya yake fitowa. Likitocinmu da nas-nas na kilinik ɗin sikila a asibitin Malam da suka haɗa mana takardu, yanzu kuma su za su ci gaba da dubata. Da duk wanda ya taɓa miƙa hannu aka ɗebi jininsa aka ƙara mata, wasu ko fuskarsu ban taɓa gani ba. Allah ya saka muku da Aljannar Firdausi, ya jiƙan magabatanku, ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya raba ku da kwanan asibiti, yadda kuka tsaya mana Allah ya tsaya muku ranar da babu mai tsayawa wani.

Sai Auta na. Shekararsa 8, cikin ƙannenta uku shi kaɗai gwajin HLA, wato na dacewar ɓargo, ya nuna nasa ya dace da nata. Daren da za a shiga da shi ya tambaye ni, Umma in na ba Yaya nawa ni ya ƙare kenan? Nace a'a, kaɗan za a zuƙa a ƙashin ƙugunka ta baya kana barci, cikin ƴan makonni zai dawo. Yayi shiru yace to ko da zai ƙare ma a ba ta. Allah ya yi maka albarka ɗana.

Akwai kuma waɗanda na yi ta duba waya ko zan ga kiransu, na jini ba bare ba, wata huɗu ko ya mai jiki. Wasu ma kafin mu tafi cewa suka yi asarar kuɗi za mu yi. Ba komai, kowa da uzurinsa, Allah ya bar zumunci, na dai ji a raina ne shi ya sa.

Masu tambayata a akwatin saƙo yadda ake yi, zan amsa kowa in na huta, amma kar ganin hotonmu a filin jirgi ya sa a ɗauka abu ne mai sauƙi. Ɗan uwa uwa ɗaya uba ɗaya ma ɗaya cikin huɗu ne damar nasa ya dace, ga kemo, ga abin da yanzu muke tsaro, wato sabon ɓargon ya ɗauki jikin a matsayin baƙo ya kai masa hari a fata ko hanta ko hanji, shi ya sa take shan maganin danne garkuwa safe da dare ba a saɓa lokaci. Jininta yanzu irin na Auta ne, AS, amma likita ya jaddada mana in ta girma za ta iya gadar wa ƴaƴanta S ɗin, gwaji kafin aure yana nan a kanta. Mu lokacin namu auren ba wanda ya ce mana mu yi, sai 2024 Kano ta mayar da shi doka. Kuma ba sai Indiya kaɗai ba, tun 2011 aka fara yin dashen a asibitin koyarwa na Benin, na Legas ma sun fara a 2024, ku fara zama da likitanku na jini tukuna. Iyayen da muke haɗuwa a layin kilinik da katinmu a hannu, ban manta da ku ba wallahi, kuna cikin sujadata, Allah ya kawo muku mafita ta inda ba ku zata ba.

Yanzu roƙona, kuma da nauyi nake yinsa dan ba tarbiyyarmu ba ce a hana mutum shigowa dubiya. Dan Allah a ɗan dakata da zuwa. Garkuwarta har yanzu ta jariri ce, allurar rigakafi ma sai nan gaba za a sake mata daga farko. Mai mura ko tari, ko gidan da yaro ke ƙyanda ko ƙarambau, a yi mana addu'a daga nesa ta isa. Wanda ya zama dole ya shigo zai wanke hannu ya sa takunkumi, kar a ji haushi in na ce a tsaya a tsakar gida. Masu aiko abinci Allah ya saka, amma fura da nono, zoɓo, tsire, kilishi, salak, duk an hana ta yanzu, sai abin da aka dafa a gida ta ci da zafinsa, ruwa ma sai an tafasa. Tattabarun Auta ma mun kai su gidan Kawu. In zazzaɓi ya kai 38 ko tsakar dare ne asibiti za mu nufa ba jiran safiya.

Jiya da daddare sanyin hunturu ya sauko sosai. Duk uwar mai sikila ta san me wannan ke nufi, ban san lokacin da na tashi na ɗora ruwan zafi na ɗauko man zafi da safa ba, na shiga ɗakinta ina jiran in ji nishin nan na ƙafa da baya. Na tarar ta ture bargo tana ta barcinta. Na daɗe a tsaye da flas a hannu, sannan na ja mata bargon na gyara gidan sauro na fito.

Gobe ƙarfe 7 muna da awon jini a asibitin Malam, a ci gaba da sa mu a addu'a.