Kafin in miƙa makullin biro

Na ajiye aiki, kuma tunda wasunku ne za su gaji editan ƙa'idojin nan, wato manhajar da jami'an bashi ke rubuta ƙa'idojin rance a cikinta, gara ku ji daga bakina yadda aka yi ya zama mai nahawu biyu, kafin wani ya ba ku nasa labarin.

Injin kun san shi. Jami'in bashi ya rubuta ƙa'ida da "si" da "alors" ("idan" da "to" a Faransanci), injin ya duba ko manomi ya cancanci rance kan buhunan gero da wake da ya ajiye a sito. Da nahawun ANTLR, wata manhajar fayyace tsarin rubutu, yake karanta ƙa'idar, kuma an saita shi ya tsaya cak a kuskuren farko. Ga injin wannan daidai ne, ƙa'ida mai ɓaraka ba ta da hurumin taɓa kuɗin kowa. Amma edita ba ya ganin rubutun da aka gama. Mutum ya buɗe baka, wato alamar "(", bai rufe ba, ya rubuta rabin kalma ya tsaya yana tunani, kuma a daidai lokacin ne yake bukatar a nuna masa abin da zai iya biyowa.

Na bayyana wa shef haka tun farko, har a rubuce. Ya ce, "Nahawu ɗaya gare mu, kada ka ɓata mana lokaci." Ranar da aka kira jami'ai daga Mirriya da Matamai su gwada, wani dattijo ya buga "si montant >" ya ɗaga kai zai yi tambaya. Nan take launukan da edita ke sa wa kalmomi suka ɓace, jan layi ya kwanta daga sama har ƙasa. Shef ya dubi baƙi yana murmushi ya ce, "Yaron ne bai gama aikinsa ba." Yaro, ni da ƴaƴana ke makaranta! Ban ce uffan ba.

Da dare a gida na rubuta nahawu na biyu da Tree-sitter, wani abin fayyace rubutu wanda Max Brunsfeld ya ƙera a GitHub. Shi in ya ci karo da ɓaraka sai ya kewaye ta da alamar ERROR ya ci gaba, kuma wurin da aka taɓa kaɗai yake sake karantawa. Na haɗa shi da LSP, tsarin sadarwa tsakanin edita da mai duba rubutu da Microsoft ta fitar a 2016, don edita ya riƙa ba da shawara yana nuna kuskure. Ya yi aiki. Rahoton da ya tafi Yamai suna ɗaya ne a kansa, kuma ba nawa ba ne. Allah ya sa ya amfane shi.

Ku kula da haruffanmu masu lanƙwasa. UTF-16 da UTF-8 hanyoyi ne biyu na adana haruffa a kwamfuta. LSP bisa asali da ma'aunin UTF-16 yake ƙirga gurbi, inda ƙ ke cin gurbi ɗaya, alhali a UTF-8 bayit biyu take ci. In aka cakuɗa su, jan layin zai riƙa zamewa a duk layin da ke da ƙ, ɗ, ɓ ko é.

Saƙon kuskure ku rubuta shi yadda jami'in bashi zai gane. Duk shawarar da kuka bayar aka ƙi karɓa, ku ajiye kwafinta.

Nahawu biyu kuwa suna rabuwa a hankali in ba a sa ido ba. Akwai tarin ƙa'idojin gwaji da na bari, masu kyau da gurɓatattu. Duk wanda ya taɓa ɗaya daga cikin nahawun ya bi da su ta duka biyun. Shef ya taɓa cewa a goge su don suna jinkirta aiki. Kada ku goge.