Damin gero kaɗai aka aike mu ƙirgawa a Maraɗi

Har yanzu takardar tambayoyin da aka ba mu tana ci mini rai. Aikinmu shi ne auna amfanin sassaben zamani a ƙauyukan yankin Agye, wato manomi ya bar tohon kututturen gawo, kalgo da sabara a gona, ya zaɓi rassa masu ƙarfi ya rage sauran. Tun 1983 Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya, ya fara yaɗa dabarar a Maraɗi, kuma binciken hotunan tauraron ɗan Adam ya kiyasta cewa ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Amma takardarmu abu guda ta sani: dami nawa maigida ya samu bana, nawa ya samu bara.

Damin ma ba ɗaya ba ne. Na wani gida ya kusa ninka na maƙwabcinsa, sai da muka nemo sikeli muka sa aka sussuka aka auna da tiya. Bambancin da ya fito tsakanin gona mai itatuwa da marar su bai kai yadda ake zato ba, har wasu abokan aikina suka fara cewa an zuzuta abin.

Wata dattijuwa ce ta tsayar da ni a zaure. Ta ce, “Ɗana, kun tambayi masu gida, mu da ke zuwa itace fa?” Da can wuni guda take yi a daji neman na girki, yanzu daga gona ake saro shi. 'Ya'yan gawo ke riƙe awakinta da rani, lokacin da babu ko ciyawa, don gawo sai da rani yake ganye. Duk wannan ba shi da gurbi a takardar. Gamanar mata ma, wato 'yar gonar da mace ke nomawa don kanta, ba a ambace ta ba, gandu kawai aka sani.

Ban ji daɗi ba ko kaɗan, domin da alƙaluman dami ne za a yanke shawarar ci gaba da tallafi ko dakatar da shi. Na matsa aka ƙara mana lokaci, muka ɗauki mata masu tambaya suka shiga cikin gida.

Duk mai shirin irin wannan aiki, ya koma da rani, kada ya tsaya a kaka. Ya kuma tambayi wa ke da ikon sare itacen, tunda sai a 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina a gonarsa.